Babi na 6: Jiran Ranar Likita Ga Yaron da Za a Yi wa Gwajin Tawahhud ko Fartul Haraka

Iyaye mata, sannunku da ƙoƙari. Wannan babin na uwar da aka ce ɗanta yana buƙatar gwaji ne: ko na tawahhud (autism a Turance), wato yaron da ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, magana ta yi masa jinkiri, ko na fartul haraka (ADHD a Turance), yaron da ba ya zama wuri ɗaya kuma hankalinsa ba ya tsayawa kan abu. A nan Saudiyya, ko a Jidda kike ko Makka ko Madina, likitan farko ne ke duba yaro, sannan ya rubuta takardar tura shi ga likita na musamman. Mai igama, wato katin izinin zama na baƙo, yakan bi ta inshora. Daga nan sai jira, kuma jiran yakan ɗauki watanni.

Darasi na 1: Karanta ranar mau'idi, wato ranar ganin likita

A nan aka fi tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan. Ɗauko takardar, ko ki buɗe saƙon a Sehhaty, manhajar waya ta Ma'aikatar Lafiya. Ɗora yatsa kan shekara tukuna.

In shekarar ta fara da ١٤, wato 14, kwanan Hijira ne, kuma za ki ga هـ a gefe. In ta fara da ٢٠, wato 20, kwanan Miladiyya ne. Kada ki lissafa da ka. Duba shekarar kafin rana, kafin wata.

Lambobi daga hagu ake karanta su, ko a cikin Larabci. Ki kula da uku nan: ٥ biyar ne, ba sifili ba. Ɗigo ٠ shi ne sifili. ٦ shida ne, ko da ya yi miki kama da bakwai. Saboda haka ١٥ sha biyar ne, ba goma ba. Sake faɗa: sha biyar. Madalla, kin iya.

Sai lokaci. ص safe ne. م bayan sa'a yamma ne, amma م bayan shekara Miladiyya yake nufi. Harafi ɗaya, aiki biyu.

Yanzu koma farko. Shekara: 14 ko 20? Wata. Rana. Sa'a. Safe ko yamma? Rubuta su a takarda da manyan lambobi, ki manna a jikin firij. Ba wa maigida ko babbar 'yarki su karanta, ki ji ko bakinku ya zo ɗaya. In bai zo ɗaya ba, kira asibitin, ko 937, lambar Ma'aikatar Lafiya.

Ba kunya a tambaya. Amma ki ninke takarda ki cusa a jaka ba ki duba shekara ba, wannan sakaci ne, kuma yaron ne zai biya. Wadda ranarta ta wuce, sabon layi za ta bi. Haba! Shekara tukuna.

Darasi na 2: Littafin yaro

Sayi ƙaramin littafi. Kowane shafi ki raba shi uku: rana, abin da ya faru, abin da ya faru kafin nan. Misali: "Lahadi. Ya toshe kunne ya yi kuka minti 20. An kunna injin niƙa." Layi ɗaya ya isa. Ki rubuta ranar da irin kwanan da ke takardarki, kada ki gauraya.

Likita zai tambayi yaushe abin ya fara. A fartul haraka yana so ya san ko ya kai wata 6, ko ya fara kafin shekara 12, kuma ko ana ganinsa a gida da makaranta duka. Shi ya sa za ki roƙi malamarsa ta rubuta abin da take gani. Ki ɗauki bidiyo na minti ɗaya da waya, don yaro yakan yi shiru a gaban baƙo.

Darasi na 3: Kafin ranar ta zo

Nemi a gwada jinsa, don rashin ji ma yana hana magana. Barci da abinci su kasance a lokaci ɗaya kullum. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ki durƙusa daidai fuskarsa ki faɗa. Rage masa waya. Duka ba ya gyara wannan. Kada ki ba shi maganin ɗan maƙwabciya ko kaɗan.

In ya daina faɗin kalmomin da ya iya, ko ya fara ji wa kansa ciwo, koma wajen likita a makon, kada ki jira mau'idi.

Darasi na 4: Ranar tafiya

Takardar turawa, katin shaida, katin allurar rigakafi, littafin, da abincin da yake so. Ki sake duba shekarar kafin ki fita.