Yadda nake tsara shekarar fafutukar kare muhalli a Filato

Ambaliyar watan Yulin 2012, wadda ta ci rayuka da gidaje a unguwannin Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo na garin Jos, ita ta sa ni cikin wannan aiki. A Rikkos nake zaune har yau. Ga yadda nake raba shekarata, ko zai amfani mai niyyar shiga.

Da farko ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Haƙar ma'adinai hurumin gwamnatin tarayya ne a ƙarƙashin dokar 2007, saboda haka majalisar jiha ba ta ba da lasisin haƙar kuza, ba ta kuma soke shi. Amma filaye suna hannun gwamna bisa dokar 1978, shara da magudanan ruwa kuwa aikin jiha da ƙananan hukumomi ne, ta hannun Ma'aikatar Muhalli da PEPSA, hukumar kare muhalli da tsafta ta jihar Filato.

Daga Janairu zuwa Maris, da rani, nake tara hujja. Nakan bi bakin kogin Dilimi da ƙafa, in ɗauki hoton duk inda bola ta toshe kwalbati, in rubuta rana da unguwa. Buƙata ɗaya tak za ka riƙe a shekara. Tsofaffin kududdufan kuza na Bukuru da Barikin Ladi suna ci min rai ƙwarai, ga yara na wanka a ciki, amma taura biyu ba ta taunuwa. Ni magudanan ruwa na zaɓa.

Kafin ruwa ya sauka a Afrilu, ka zaga wajen masu unguwa da limamai da fastoci. A Jos, takardar da liman da fasto suka sa wa hannu tare tana da nauyin da taka kai kaɗai ba za ta taɓa yi ba. Ranar Muhalli ta Duniya, 5 ga Yuni, ka nemi fili a rediyo.

Inda aikin yake shi ne kasafin kuɗi. A shekarata ta farko sai a Janairu muka kai buƙatarmu, bayan an riga an sa wa kasafi hannu, muka yi asarar damina guda. Yanzu tun watan Agusta nake zuwa ma'aikata, kafin su kammala lissafin abin da za su nema. Idan gwamna ya gabatar da kasafi wajen ƙarshen shekara, sai in koma majalisa. Mambobinta 24 ne, amma mutum uku nake nema: wakilin mazaɓata, shugaban kwamitin muhalli, da magatakardan kwamitin. Kada ka raina magatakarda, shi ya san ranar zama. Takardarka kada ta wuce shafi ɗaya: wuri kaza, aiki kaza, ga hotuna. Ka kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi ka dawo da shi gida. In ka samu ganin shugaban, ka gaishe shi yadda ya kamata: "Ranka ya daɗe, layi ɗaya muke roƙo a kasafi, na yashe magudanar unguwarmu."

Sa kuɗi a kasafi daban, sakinsu daban. Duk bayan wata uku ka nemi rahoton aiwatar da kasafi ka duba layinku. In har Maris ya kama ba a saki komai ba, ka ɗauki kwafin nan mai hatimi, ka kira mai unguwa, ku koma tare kafin hadarin farko ya taso.