Yadda Za Ka Sa Kifin Betta Ya Hayayyafa a Gida

Betta ɗan ƙaramin kifin ado ne. Da farko ka raba namiji da mace, ka ciyar da su tsutsar sauro mako biyu. Zurfin ruwan tankin kada ya wuce santimita 15, ɗuminsa digiri 27 a ma'aunin Celsius, domin kifin Tailan ne, ba ya jure sanyi.

Saka namijin cikin tankin, macen kuma cikin kwalba a tsakiyar tankin, yana kallonta amma bai kai gare ta ba. Idan ya tara kumfa a saman ruwa, sheƙarsa ke nan, sai ka sake ta.

Tana gama zuba ƙwai, cire ta maza kada ya illata ta. Shi zai riƙa tsintar ƙwan da baki yana mayarwa cikin kumfar. Cikin kwana biyu su ƙyanƙyashe. Da 'ya'yan sun fara iyo, fitar da uban, ka ɗiga musu kwaiduwar dafaffen ƙwai kaɗan-kaɗan.