Shawara ga mai niyyar zuwa Makassar

'Yan uwa, duk wanda kasuwanci ko karatu ya kai shi Indonesiya, ya ware kwana biyu ya leƙa Makassar a tsibirin Sulawesi. Daga Jakarta tafiyar wajen awa biyu da rabi ce a jirgi.

Ku sammako ku fara da tashar Paotere kafin rana ta yi zafi, ku ga jiragen ruwa na katako da ake kira pinisi ana sauke kaya, masunta na ciniki a gefe. Ku sa takalmin da bai zamewa, ƙasa a jiƙe take. Daga nan sai ganuwar Fort Rotterdam, wadda Turawan Holand suka karɓe daga masarautar Gowa a 1667. A ciki aka tsare Yarima Diponegoro, ɗan sarautar tsibirin Java da ya yaƙi Turawan Holand, har ya rasu a 1855.

Amma ni dai abincin ne ya fi tsaya mini a rai. Coto Makassar romon naman sa ne da kayan ciki, an kaurara shi da niƙaƙƙiyar gyaɗa, ana ci da dunƙulen shinkafa da aka dafa cikin ganye. In ba ka son huhu ko hanta, faɗa tun kafin a zuba, mai shago zai ba ka tsoka zalla. Da yamma a bakin tekun Losari a nemi pisang epe, gasasshiyar ayaba da aka danne aka kwarara mata narkakken jan sukari irin nasu.

Mafi yawan mutanen garin Musulmi ne, sai dai a unguwar 'yan Sin a tambaya kafin a ci. A kauce wa Disamba zuwa Fabrairu, ruwan sama ba ya ɗagawa.