Guzurin jirgin sama: kada ku dogara da ɗumame

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu shirin tafiya daga Kaduna, musamman waɗanda za su kai iyaye tsofaffi da abincin jirgi ba ya karɓarsu, ga abin da na koya.

Yawancin jirage ba su da na'urar ɗumama abinci irin ta gida. Tanda ce ke ciki, an yi ta ne don kwanukan abincin jirgin, shi ya sa ma'aikata kan ƙi saka kwanon fasinja. Ba wulaƙanci ba ne, ƙa'idar aikinsu ce. Amma ruwan zafi kam suna bayarwa in an roƙa da ladabi. Ni garin kunu nake riƙe wa Hajiyata da ƙaramin kofi mai murfi, a zuba ruwan zafi in dama mata nan take.

Miya, fura, kunu damamme, duk ruwa ake ɗaukarsu. A tafiyar ƙasar waje, a yawancin filayen jirgi abin da ya wuce mililita 100 za a karɓe a wajen bincike, sai dai irin su abincin jarirai da magani. Ku ɗauki abin da ake ci da sanyinsa: gurasa, dabino, cincin, dambun nama. Don Allah a bar mai daddawa a gida, wuri ne a rufe.

Kilishi da dambun nama kuwa, a cinye kafin a sauka Ingila ko Amurka, don ba a shiga da nama.