Yadda ake tace fim don kada ya yi jan ƙafa

Kafin ka yanke komai, zauna ka kalli abin da aka ɗauko daga farko har ƙarshe, da takarda da biro a hannu. Duk inda ka ji hankalinka ya tafi wani wuri, rubuta mintin. Nan ciwon yake.

Daga nan sai ka bi fitowa ɗaya bayan ɗaya kana tambayar kanka: me ya sauya a nan? In ba a ji sabon labari ba, ba wanda ya yanke shawara, cire ta, ko da an sha rana wajen ɗaukarta. Ka riƙe ma'aunin da marubuta ke aiki da shi, cewa shafi 1 na labari kusan minti 1 ne a allo. Fitowar da ta ci shafi 2 a rubuce in ta kai minti 6, akwai kitse a jikinta.

Mu a Damagaram yawancin kitsen nan gaisuwa ce. Baƙo ya yi sallama, an amsa, an shimfiɗa tabarma, ina gajiya, ina iyali, ina zafi, an kawo ruwa a moɗa ya sha ya ajiye. A gida ladabi ne, ban musa ba. A fim kuwa, bar sallamar da amsarta, sai ka tsallaka inda baƙon ya gyara zama ya ce, "Alhaji, maganar yarinyar nan ce ta kawo ni." Da zarar fuskar Alhaji ta sauya, yanke. Ba sai mun raka baƙo ƙofar gida ba.

Haka tafiya. In jarumi ya hau kabu-kabu daga unguwar Birni zuwa kasuwar Dole, hoto 3 ya isa: hawansa, katangar fadar Sarki tana wucewa, saukarsa.

Wajen haɗa hoto da hoto, yanke a tsakiyar motsi, lokacin da hannu ke tura ƙofa, don ido na bin motsin ba ya lura da gaɓar. A sakan guda na fim, hotuna tsayayyu wajen 25 ne ke wucewa a jere, kuma rage 8 ko 10 daga cikinsu tsakanin tambaya da amsa kan farfaɗo da hira. Ka kuma bar muryar fitowa ta gaba ta riga hotonta shigowa da kamar sakan 1. Manhajar tace fim ta DaVinci Resolve ta kyauta tana yin wannan a kwamfuta, ta CapCut ma tana yi a waya. Amma kada ka aske kowane shiru. Shirun uwa da aka kawo wa labarin rasuwa a bar mata abinta.

In ka gama, kai fim ɗin fada, wato majalisar samari, lokacin shayi, ka zauna baya ka yi gum. Inda mutum 2 ko 3 suka zaro waya daga aljihu, rubuta mintin, gobe ka koma kansa.