Darbejiya da cutar baƙin kwanso a gonar koko

'Yan'uwa masu gonar koko a Kurmi ta jihar Taraba da waɗanda ke aiki a gonakin Ondo da Ghana, idan damina ta kankama, lokacin cutar baƙin kwanso ke nan. Tabo ne mai launin ruwan ƙasa ke fitowa a jikin kwanson, cikin mako biyu ya game shi, ya yi baƙi, ka ga wani farin gari a kansa. Fallatsin ruwan sama da tururuwa ke yaɗa ta.

Kafin feshi, ku tsinke duk kwanson da ya kamu, ku binne shi nesa da bishiyoyi. Barinsa a gindi shi ne babbar ɓarna. A rage rassa kuma, iska ta samu shiga.

Sannan a daka busassun 'ya'yan darbejiya rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace da kyalle mai laushi don kada bakin famfon feshi ya toshe, a narka ɗan sabulu a ciki. A fesa wa kwanso da gangar bishiyar da yamma, a ranar da aka tace.

Amma don Allah, idan ruwa ya yi yawa kuma cutar ta yi ƙarfi, darbejiya kaɗai ba za ta riƙe ba. Ku haɗa da maganin feshi mai sinadarin tagulla, bisa shawarar malamin gona.