Bi Ƙamshin Girki, Ka San Landan

Wata biyun farko da na yi a Landan, wuri uku kawai na sani: ɗakina, makaranta, da shagon da nake sayen burodi da ƙwai. Yaji da kilishin da aka ƙullo mini daga gida suka ƙare a mako na biyar, na koma indomi safe da dare. Wata Juma'a bayan an idar da salla, wani abokin karatuna ɗan Bangaladash ya ja ni wani ɗan gidan abinci a Whitechapel, aka ajiye mana farar shinkafa da miyar kifi mai yajin da ya sa ni zufa a tsakiyar Nuwamba. Ranar na fara zama a garin nan. Kafin nan kwana kawai nake yi a cikinsa. Shi ya sa duk sabon zuwan da ya tambaye ni ta ina zai fara, nakan ce masa ya bar cikinsa ya yi masa jagora, domin kowace unguwa a nan da tukunyarta, kuma garin neman tukunyar ne za ka haddace hanya.

Da farko ka san cewa in Bature ɗan Ingila ya ce "Eshiyan", mutanen Indiya, Pakistan, Bangaladash da Siri Lanka yake nufi. Sinawa, Japanawa, 'yan Koriya da 'yan Tailan, da sunan ƙasarsu ake kiran gidajen abincinsu. Sannan yawancin gidajen da ka ga an rubuta musu "abincin Indiya", Musulmi ne 'yan Bangaladash suke da su, akasari daga yankin Silet. Allon ƙofa ba ya gaya maka wanda yake bakin murhu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kusancin girkinsu da namu. Mun tashi muna kallon finafinan Indiya, mun iya waƙoƙinsu, amma ba wanda ya gaya mana sinasir suke ci. Hau jirgin layin District ka sauka East Ham, ka bi titin High Street North inda Tamilawa, mutanen kudancin Indiya da Siri Lanka, suka yi yawa, ka nemi uttapam. Ƙullun shinkafa ne da wani irin wake, a niƙa, a bar shi ya kwana ya yi tsami, a soya da albasa a kai. Sinasir ke nan, ba ragi ba ƙari. Dosa ɗan'uwansa ne, sai dai shi siriri ne mai ƙaras-ƙaras, ana naɗe dankali a cikinsa. Akwai kuma paniyaram, wanda ake soyawa a tanda mai ramuka irin ta masa, har juyin da tsinke iri ɗaya ne. Miyar da ake haɗo su da ita, sambar, da tsamiya ake yin ta, kuma wannan dogon abin da za ka tsinta a ciki ɗan zogale ne: mu ganyen muke ci, su har da ɗan. Ana tsotse cikinsa ne a ajiye ɓawon, kada ka wahalar da haƙoranka. In ka ga gongura a takardar abincin mutanen Andhra ta kudancin Indiya, yakuwa ce. Bhindi kuɓewa ce, amma soya ta suke yi har yauƙin ya mutu, don haka kada ka sa ran miyar tuwo. Ghee kuwa man shanu ne.

Mai neman nama ya nufi wajen 'yan Pakistan, a Tooting, ko Green Street da ke Upton Park, ko Whitechapel ɗin nan. Seekh kebab niƙaƙƙen nama ne a tsinke, gasasshen haƙarƙarin rago kuwa zai tuna maka balangu. Paya farfesun ƙafa ne. Nihari naman da aka daɗe ana dafawa ne har ya narke, da safe aka saba cin sa. Haleem ya yi kama da fate, alkama da wake da nama an dafa an tuƙa, kuma da azumi ya fi samuwa. Biryani dafa-dukarsu ce. In kun kai ku uku, kada kowa ya sayi nasa: karahi ɗaya na rago, wato miyar naman da ake dafawa a kasko, kwano ɗaya na dal, miyar wakensu, gurasar naan huɗu, kun ƙoshi har da saura, sauran kuma ka ce a ƙulle maka, ba abin kunya ba ne. Da hannu ake ci, ba mai kallon ka.

Yaji dai an rage shi saboda Turawa. Ka ce a yi maka "desi", wato irin na gida. Amma in ɗan Silet ya miƙo maka ɗan kwanon barkonon naga, ka taɓa da bakin cokali tukuna. Attaruhu yaro ne a gabansa. Wanda ya ƙone, ya nemi lassi, kindirmo ne da aka dama, akwai mai gishiri akwai mai mangwaro.

Yanzu batun halal, wanda a nan ne baƙo ya fi yin kuskure, ta ɓangare biyu. Wani yana ganin rawani ko gemu sai ya saki jiki, wani kuma tsoro ya hana shi shiga ko'ina. Rubutun "halal" a jikin gilashi kowa zai iya liƙawa. Akwai hukumomi masu ba da shaida, fitattu su ne HMC da HFA, kuma sun sha bamban a kan sumar da dabba kafin yanka: HMC ba ta yarda da shi sam. Wanne za ka bi, ko za ka ɗauki fatawar yankan Ahlul Kitabi, wannan tsakaninka da malaminka ne, ni ba malami ba ne. Abin da zan iya cewa shi ne ka yi tambaya, kuma ka yi ta dalla-dalla. Kada ka tsaya a "halal ne?" Ka ce: duk naman, ko kaza kaɗai? Gidaje da yawa kazarsu halal ce, naman sa da na agwagwa ba haka ba. Matambayi ba ya ɓata, kuma a garin nan ba mai jin haushin irin wannan tambaya, sun saba.

A Southall ka ƙara kula. Unguwar Panjabawa ce, da yawansu mabiya addinin Sikh ne, su kuma addininsu ya hana su cin naman da aka yanka irin yankanmu. Mai rawanin da ka gani ba lalle Musulmi ba ne. Akwai gidajen Musulmi birjik a titin Broadway, sai dai ka tantance. Wasu gidajen kuma namansu halal ne tsaf, ba sa sayar da giya, amma sun yarda mutum ya shigo da tasa. In zama kusa da kwalba yana damun ka, ka je da rana ko ka sa a ƙulle maka. Mafi kwanciyar hankali su ne gidajen Indiyawan da ba sa dafa nama ko kaɗan, irin na titin Ealing a Wembley da na titin Drummond kusa da tashar Euston. Na san Bahaushe zai ce abinci ba nama ai ba abinci ba ne. Je ka gwada, gani ya kori ji.

Unguwar Sinawa da ke titin Gerrard, kusa da Leicester Square, wurin kallo ce mai kyau, da jajayen fitilu da agwagi rataye a taga, amma a nan na sha kunya. Na shiga wani gida na nemi soyayyiyar shinkafa, wai na kauce wa nama. Na yi loma uku kafin na lura da wasu jajayen gutsattsari a ciki. Da na tambaya aka ce gasasshen alade ne, haka ake yin ta. Laifina ne, ban tambaya ba. A girkin Sinawa alade shi ne nama na yau da kullum, ana sa kitsensa har a abin da aka kira na jatan lande, ana kuma zuba giyar shinkafa a miya. Tofu awara ce, wannan dai da 'yan mata ke soyawa a bakin layi, amma sau da yawa da niƙaƙƙen alade ake haɗa ta. Wajen Japanawa, romon taliyar da ake kira tonkotsu na ƙashin alade ne zalla, mirin da suke sa wa miya kuma yana da giya. Doka ta tilasta wa masu abinci su bayyana abubuwa 14 da kan tayar wa wasu mutane da ciwo, irin su gyaɗa, ƙwai, madara da riɗi, amma alade da giya ba sa cikin jerin, sai ka tambaya da bakinka. In kana son girkin wancan yanki hankali kwance, nemi gidajen Uigur, Musulmin yammacin Sin, masu taliyar da ake ja da hannu da tsiren rago, ko na 'yan Malesiya masu shaidar halal. Satay ɗinsu tsire ne da miyar gyaɗa, ɗan Kano ba zai yi baƙunta ba.

Kuɗi kuma, ka karanta takardar biya kafin ka miƙa kati. Gidaje da yawa, musamman a tsakiyar gari, suna ƙara kashi 12.5 cikin ɗari na hidima. Ba dole ba ne, kana iya cewa a cire, kodayake ni nakan bar shi in an kyautata mini, kuma in an riga an sa shi ba sai ka ƙara wani tukuici ba. In an tambaye ka ruwa, ka ce na famfo, mai kyau ne kuma galibi ba a cajin sa. A ƙofar gidaje da yawa za ka ga koren tambari mai lamba daga 0 zuwa 5, makin tsafta ne, ni ƙasa da 4 ba na zama. In abokan karatu ko na aiki suka ce mu je cin abinci, kowa nasa zai biya. Kada kunya ta sa ka ce "ku bar shi" irin na gida, za su yi godiya su bar maka, kuɗin cefanen mako biyu ya tafi. A Brick Lane kuwa akwai masu tsayawa a ƙofa suna kira suna alkawarin ragi, kamar 'yan kamasho a tasha. Wuce su, ka nemi inda tsofaffin unguwar da direbobin tasi suke ci.

Tunda ka zo Brick Lane, tsaya a kwanar titin Fournier ka dubi masallacin. A 1743 wasu Kiristoci Faransawa da suka gudo daga tsangwama suka gina shi coci, daga baya ya zama wurin ibadar Yahudawa a 1898, ya koma masallaci a 1976. Can sama akwai agogon rana da rubutun Latin mai ma'anar "mu inuwa ne". Ƴan mintuna kaɗan a ƙafa akwai filin Altab Ali, sunan wani matashi ɗan Bangaladash ma'aikacin ɗinki da 'yan wariyar launi suka kashe a 1978. Mutanen da suke zuba maka shinkafa yau, iyayensu sun sha wuya kafin su samu wurin zama a nan. Daga can ka miƙe zuwa babban Masallacin Gabashin Landan, yana da sashen mata mai faɗi. A jadawalinsu za ka ga lokacin La'asar biyu, domin Hanafawa suna jinkirta ta fiye da mu Malikawa. Kada ka rikice.

Zirga-zirga ba ta da wuya. Tun 2014 bas ba ya karɓar tsabar kuɗi, sai katin sufuri na Oyster ko katin banki ko waya. A bas sau ɗaya ake taɓa kati, wajen shiga. A jirgin ƙarƙashin ƙasa shiga da fita, kuma da kati guda, in ba haka ba a caje ka mafi tsada. Cikin awa ɗaya kana iya sauya bas sau nawa ka ga dama a kuɗin hawa ɗaya. Ni bas na fi so wa baƙo, domin jirgi yana cikin rami, ba ka ganin komai. Hau bas mai lamba 25 daga Whitechapel, ka haye sama ka zauna kujerar gaba, ka bi ta Stratford har Ilford, ka ga yadda fuskoki da shaguna suke sauyawa. A matakalar lantarki ka tsaya dama, hagu ta masu sauri ce. Waya kuma a aljihu in kana bakin titi, akwai masu fizge a kan keke.

Manyan gidajen tarihi kyauta ake shiga. A British Museum ka sauka ɗakin Afirka, za ka ga tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwaso a 1897, ka tsaya ka yi ta kallon kayan ƙasarka a bayan gilashi. Ranar da kewar gida ta ci ƙarfinka, Peckham, unguwar da 'yan Najeriya suka yi yawa, tana nan da tsire da garin kwaki da attaruhu, amma kada ta zama ita kaɗai ka sani.

In a hunturu ka sauka, ka fita da wuri. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba duk suna cikin kusan awa huɗu. Ka yi alwala daga gida, ka sa safa mai kauri, ka saka ƙaramar darduma a jaka, ka tsara yawonka yadda Magariba za ta riske ka kusa da masallaci. Inda masallaci yake, ba ka rasa mai biryani a bayansa.